Kano zuwa Nguru ko Zariya zuwa Ƙaura Namoda: wane layin dogo ya kamata a fara dawo wa da fasinja?

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin da talaka ke zama ya lissafa kafin ya tafi gaisuwar rasuwa ko ya kai mara lafiya asibitin birni. Shi ya sa zancen tsohon jirgin ƙasa, wanda mutane da yawa suka riga suka fidda rai da shi, ya sake dawowa bakin jama'a. Akwai kuma wani sauyi da bai yi amo sosai ba, amma yana da nauyi. A watan Maris na shekarar 2023 ɗin, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulki da ya fitar da harkar layin dogo daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da hurumi a kansu. Yanzu jihohi ma suna da ta cewa, kuma gwamna ba shi da sauran damar ɗaga hannu ya ce wannan aikin Abuja ne.

Rassa biyu na tsohon layin dogo ne suka fi shafar mu. Ɗaya ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda. Ɗayan ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa ya ƙare a Nguru. Kowannensu ya haura kilomita 200. An sha ba da kwangilar gyara, an sha shelar cewa jirgi ya dawo, amma a yau babu ɗan kasuwa ko ɗalibin da zai tsara tafiyarsa ta mako bisa jirgin ɗaya daga cikinsu hankalinsa kwance. Kuɗi kaɗan ne, kawunan jirgi masu lafiya kaɗan ne, taragun fasinja ma haka. Taura biyu ba ta taunuwa lokaci guda. Dole a zaɓi wanda za a fara da shi, kuma ni a ganina na Kano zuwa Nguru ya kamata ya riga, duk da cewa mutanen Zamfara sun fi kowa buƙatar jirgi. Ba hukunci ne mai daɗin faɗa ba, don haka ya kamata a bi dalilan a hankali.

Turawa ba don fasinja suka shimfiɗa waɗannan layuka ba. Dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta karɓu, daga nan aka shiga miƙa rassa zuwa duk inda ake ganin amfanin gona da za a kwasa zuwa bakin teku. Na yamma ya kai Gusau a 1927, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, kuma auduga da gyaɗa ne suka ja shi. Funtuwa da Gusau sun girma ne a kan tasha da injin gurzar auduga. Na gabas ya kai Nguru a 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga da shanu da busasshen nama, har da mayanka mai ɗakin sanyi da ake tura nama kudu daga cikinta. Duka biyun siririn layi ne, tazarar da ke tsakanin ƙarafan milimita 1,067 ce, ba irin na Abuja zuwa Kaduna mai milimita 1,435 ba. Ma'ana jirgin wancan ba ya hawa wannan. Wannan bambanci zai sake tasowa a gaba.

Idan yawan jama'a ake dubawa, layin Ƙaura Namoda ne kan gaba ba tare da gardama ba. A bakinsa akwai Zariya da Jami'ar Ahmadu Bello, kuma dogon ya ratsa ta Samaru, inda har yau ake kiran wata unguwa Hayin Dogo. Akwai Funtuwa, cibiyar masara da dawa da auduga ta kudancin Katsina, ga kuma tashar sauke kaya ta kan tudu da aka yi mata. Akwai Gusau, fadar jiha tun 1996, mai jami'ar tarayya da ma'aikata da 'yan kasuwa masu zirga-zirga zuwa Kaduna da Abuja kullum. A ƙarshe ga Ƙaura da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Ƙari a kan haka, duk mai zuwa Sakkwato ko Kebbi daga Zariya ta nan yake bi. Jirgin da zai tashi daga Gusau da safe ba zai rasa masu cika shi ba ko da rana ɗaya.

Layin Nguru bai da manyan garuruwa irin haka a tsakiyarsa. Dutse ba ta kansa. Haɗeja, wadda ita ce babbar kasuwar yankin, sai an sauka a Malam Madori an ƙarasa da mota, Gumel ma sai an sauka a Gagarawa. Amma yana da abin da wancan ba shi da shi, wato Kano a bakinsa. Duk ƙauyen da ke wannan layi Kano yake kallo: can ake sarin kaya a Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, can ake kai hatsi Dawanau, can ake tura mara lafiya idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin gida. Irin wannan zirga-zirgar ta kullum, ta ƙananan tafiye-tafiye, ita ce ke riƙe jirgin reshe, ba matafiyin da ke zuwa daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau ɗaya a wata ba.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi ranar kasuwar Gujungu ya san abin da nake nufi. Ƙaramar mota ce za ta tsaya, mutum biyu a kujerar gaba kusa da direba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure shi da igiyar roba saboda buhunan riɗi da kwalin busasshen kifi, a sama kuma an ɗora tabarmi da kwandon kaji. Tsohuwa na riƙe da jikanta a cinya, ɗan kamasho na gaya mata kuɗin buhunta ya kusa kai kuɗin kujerarta, ita kuma tana kwance bakin zane tana ƙirga abin da ya rage. Wannan baiwar Allah ba sauri take nema ba. Tana neman wurin da za ta zauna da kayanta a kuɗin da ba zai cinye ribar abin da ta je sayarwa ba. Tarago ɗaya na kaya da aka maƙala a bayan jirgin fasinja ya isa ya sauya mata lissafi.

Hanyar motar wannan yanki ma ta sha jini. A daren 15 ga Oktoban 2024 wata tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, wuta ta tashi, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Ba ina cewa jirgin fasinja zai hana irin wannan musiba ba ne. Abin da nake cewa shi ne, layin da aka gyara don fasinja shi ne dai zai ɗauki mai da taki da siminti, kuma kowane tarago da ya ɗauki kaya ya rage babbar mota ɗaya a titin da ke ratsa tsakiyar garuruwa.

To, ga inda maganar ta fi nauyi.

Jirgin ƙasa ba ya kauce wa hanya. Lokacin tashinsa sananne ne, inda zai bi sananne ne, yana ɗauke da ɗaruruwan mutane, kuma a siririn layi tafiyarsa a hankali ce. Wanda ke son tsayar da shi ba ya buƙatar komai illa ya kwance ƙarfe ɗaya a cikin daji. Mun ga haka da idonmu ranar 28 ga Maris na 2022, lokacin da aka dasa bam a layin Abuja zuwa Kaduna, aka kashe mutane, aka kwashe fiye da 60 zuwa daji, na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai watan Oktoba, jirgin kuma bai koma aiki ba sai Disamba. Wannan fa layin da ya fi kowane samun kulawa ne a ƙasar nan, wanda ministoci da manyan hafsoshi ke hawa. Yanzu mai karatu ya ɗauki wannan ya ɗora a kan tsakanin Funtuwa da Gusau. Sheme, 'Yankara, Tsafe: sunaye ne da direbobin hanyar ke ambata da addu'a a baki, suna sauri su wuce kafin la'asar ta yi sanyi. A watan Satumban 2021 lamarin ya kai ga rufe layukan waya a Zamfara da dakatar da kasuwannin mako, kuma har yau 'yan bindiga ba su bar yankin ba.

Akwai masu cewa ai jirgi ya fi sauƙin tsarewa a kan ɗaruruwan motoci da ke warwatse a titi: a zuba sojoji a tarago na gaba da na baya, magana ta ƙare. Hujjar tana da ƙarfi, kuma na fahimci zuciyar da ke faɗinta, domin wanda aka taɓa ɗauke masa ɗan'uwa a hanyar Tsafe duk wata mafita zai kama. Sai dai tsare jirgi daban, tsare layi daban. A tsarin reluwe na asali, kowane yanki na dogo yana da leburorinsa da ke takawa a ƙafa da sassafe, da guduma da sifana a kafaɗa, suna duba ƙusa da noti, suna duba ko ruwa ya zaizaye ƙasa a ƙarƙashin ƙarfe. Ba tare da su ba babu direban da zai ja fasinja da kwanciyar hankali. Wa zai tura waɗannan bayin Allah su taka dajin da manomi ma ba ya iya zuwa gonarsa sai ya biya haraji? Wa zai zauna a ƙaramar tashar daji yana ba jirgi hannu? Ɗan kwangilar da zai yi gyaran ma, da wace rakiya zai kwana a wurin aiki? Kafin fasinja na farko ya yanki tikiti, sai mutane da yawa sun yi watanni suna aiki a fili, kuma a nan ne layin Ƙaura ke faɗuwa jarrabawar, ba a yawan matafiya ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Idan aka yi gaggawa aka buɗe layin Gusau don a ce an yi, sannan aka tare jirgin sau ɗaya, ba wannan layin kaɗai zai mutu ba. Duk wani gwamna da ke tunanin sa kuɗi a tsohon dogo zai ja da baya, jama'a kuma za su ƙara tabbatar wa kansu cewa jirgi tarko ne. Shekaru za a ɗauka kafin a sake tayar da zancen.

Layin Nguru bai da wannan matsalar a irin wannan girman. Jigawa na cikin jihohin arewa da suka fi zaman lafiya, kuma rikicin Boko Haram da ya addabi Yobe ya fi tsanani ne a gabashi da kudancin jihar, ba a kusurwar Nguru ba. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, a buɗe take, ƙauyuka na kusa da juna, babu dogon daji mai duhu da za a ɓuya a ciki. Leburan dogo zai iya fita bayan sallar asuba ya dawo gidansa.

Wannan ba ya nufin layin lafiya lau yake. Abokin gabarsa ruwa ne. A wajen Ringim yana tafiya kusa da kogin Haɗeja, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa, yadda ta ci gonaki da gidaje ta yanke hanyoyi, ya san cewa kwalbatocin da aka gina a 1930 ba don irin wannan ruwan aka auna su ba. Tun da aka gina madatsar Tiga da ta Challawa tafiyar ruwan kogin ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe magudanai a fadamun Haɗeja da Nguru, ruwa yana kwanciya a inda da ba ya kwanciya. Gyaran gaskiya a nan yana nufin faɗaɗa kwalbatoci da ɗaga ƙasar da dogon ke kai a wuraren da ruwa ke haurawa, ba fentin tasha ba. Can wajen Birniwa kuma rairayi ne ke rufe ƙarfe lokacin iska. A cikin birnin Kano ga 'yan kasuwa da masu gini sun matso har jikin layi. Duk waɗannan kuɗi ne. Amma matsaloli ne da injiniya zai auna da ma'auni ya faɗi farashinsu, ya kuma faɗi watan da zai gama. Matsalar hanyar Tsafe babu injiniyan da zai iya sa mata farashi ko rana.

Wani zai ce, me ya sa za a zuba kuɗi a tsohon siririn layi alhali ana gina sabo mai faɗi? Gaskiya ne ana aikin Kaduna zuwa Kano, wanda zai bi ta Zariya, ana kuma aikin Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, mai tsawon kilomita 284 da reshe zuwa Dutse. Amma a duba kuɗin: kwangilar ta Maraɗi ta doshi dala biliyan 2. Babu wanda zai kawo irin wannan kuɗi saboda Gagarawa ko Birniwa a nan kusa, kuma wanda ya ce a jira sabon layi, a zahiri cewa yake yi a haƙura da jirgi na tsawon wani ƙarni. Sabbin layukan ma ƙarin hujja ne ga tsofaffin rassan. Ranar da jirgi mai sauri ya fara tashi daga Kano zuwa Abuja, mutumin Malam Madori zai so abin da zai kawo shi Kano cikin sauƙi, haka mutumin Funtuwa zuwa Zariya. Bambancin faɗin layi bai dami fasinja ba, sauka zai yi ya hau wani. Kaya ne ke shan wahalar saukewa da sake lodi, kuma wannan ya fi shafar masu tunanin tura kwantena.

Ƙasashen da suka riga mu dawo da irin waɗannan rassa sun nuna abu ɗaya ƙarara. A Ingila an daina jigilar fasinja ta yau da kullum zuwa garin Okehampton a 1972, amma ba a cire dogon ba saboda jiragen da ke kwaso tsakuwa daga wata mahaƙar dutse. Da aka tashi dawo da fasinja a watan Nuwamban 2021, kimanin fam miliyan 40 aka kashe, aikin kuma bai kai shekara ba. A Sikotilan kuwa, layin da ya tashi daga Edinburgh zuwa yankin kan iyaka an rufe shi a 1969 aka kwashe ƙarafan, aka yi gine-gine da tituna a wasu wuraren da yake bi. Dawo da kimanin kilomita 48 kacal a 2015 ya ci kusan fam miliyan 300. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, amma tazarar kuɗin ta fi tazarar tsawon nesa ba kusa ba. Layin da ƙarfensa ke ƙasa, filinsa kuma ba a cinye ba, arha ne. Wanda aka bari aka kwashe, sabon gini ne.

Mu kuwa namu ana kwashewa ne a hankali ba tare da wata hukuma ta ba da umarni ba. A bi tsohon dogo a ƙafa a wajen gari, a sunkuya a duba. Za a ga ramukan da ƙusoshi suka fita, tsatsa ta zagaye bakinsu. Za a ga inda aka yashe tsakuwar da ke tallafe da ƙarfe aka kai wurin gini, ƙarfen ya rage yana lilo a iska. Gaba kaɗan manomi ya ja kunyar geronsa har gindin layi, wani ya kafa rumfar faci, wani ya zuba harsashin gida. Masu sayar wa 'yan gwangwan kuma suna zuwa da dare da abin yankan ƙarfe, kuma Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta sha kama motoci maƙare da ƙarafan dogo a sassa daban-daban na ƙasar nan. Kowace damina da ta wuce ba tare da jirgi ya bi layi ba, kuɗin dawo da shi ƙaruwa yake yi. Wannan ya shafi duka layukan biyu, amma ya fi tsanani a inda babu mai iya zuwa ya duba.

Sai batun wanda zai biya. Kowane layi ya ratsa jihohi uku. Na Nguru ya taɓa Kano da Jigawa da Yobe, amma mafi yawan tsawonsa da tashoshinsa a Jigawa suke, don haka akwai jiha ɗaya da amfanin ya fi komawa gare ta kai tsaye, wadda za ta iya ɗaukar ragamar ta ja sauran biyun. Na Ƙaura ya taɓa Kaduna da Katsina da Zamfara. Ga Kaduna da Katsina layin gefen jiha yake bi, ga Zamfara kuma shi ne kashin baya, sai dai jiha ce da harkar tsaro ke cinye mata kuɗi da hankali. Jihar Filato ta riga ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne, inda ta haɗa hannu da hukumar jiragen ƙasa aka dawo da jirgin fasinja a tsohon siririn layi tsakanin Jos da Bukuru da Kuru. Gajeren layi ne, amma tsarin shi ne abin koyi: dogon da jirgin na hukuma, tallafin na jiha.

Kuma tallafi dole ne. Kada wani ya yaudare mu cewa kuɗin tikiti zai riƙe jirgin reshe. Ko a ƙasashe masu arziki ba ya riƙewa. Titin mota ma ba ya biyan kuɗin kansa, amma ba a taɓa cewa a daina yin titi ba. Abin da ya kamata majalisar jiha ta nema shi ne a rubuta adadin tallafin a kasafin kuɗi kowace shekara, da sunansa, don kada jirgi ya tsaya ranar da aka ce babu kuɗin man dizal.

Wane irin jirgi ake magana a kai? A nan ma sai an yi wa kai gaskiya. Idan jirgi na tafiyar kilomita 40 a awa, ga tsayawa a tashoshi, daga Nguru zuwa Kano awa shida ne ko bakwai. Mota ta fi shi sauri, kuma mai gaggawa zai ci gaba da hawa mota. Saboda haka jirgi ɗaya a mako, wanda ba a san lokacin isowarsa ba, ba zai ja kowa ba, kuma irin wannan ne ya kashe amanar jama'a a baya. Tsohon jirgin Legas zuwa Kano da aka dawo da shi a ƙarshen 2012 yana shafe fiye da awa 30 a hanya, mutane sun hau shi don arha, amma ba a gina rayuwar yau da kullum a kan jirgin mako. Abin da zai yi aiki shi ne hawa biyu. Na farko gajeren jirgi tsakanin Kano da Ringim ko Taura, ya shigo birni da safe ya koma da yamma, kowace rana, ma'aikaci da ɗalibi da ɗan sari su san za su kwana a gida. Na biyu dogon jirgi ɗaya daga kowane ɓangare kullum, ya tashi bayan asuba ya isa da rana, da taragon kaya a bayansa. A liƙa jadawalin a bangon tasha, a karanta shi a rediyo, a kuma cika shi. Masu motocin Haɗeja da Gumel su san ƙarfe nawa za su jira a Malam Madori da Gagarawa. A keɓe tarago ga mata da yara. A sa fitila da ruwa da ban-ɗaki a tasha. A fara da gajeren, domin shi ne mafi arha, shi ne kuma zai nuna cikin watanni kaɗan ko mutane za su hau.

Ina kuma mutanen layin yamma? Zaɓar Nguru a farko ba yana nufin a juya wa Ƙaura baya ba, kuma zan yi baƙin ciki idan aka karanta maganata haka. Layin yana yankuwa gida biyu. Zariya zuwa Funtuwa bai kai kilomita 100 ba, ya fi yawan jama'a a gefensa, kuma tashar kan tudu ta Funtuwa ba ta da cikakkiyar ma'ana idan dogo ba ya aiki. Ƙaramar hukumar Giwa, da ke tsakanin Zariya da Funtuwa, ita ma ta sha hare-hare, don haka ko a nan ba da fasinja za a fara ba. A fara da jirgin kaya da rana: masara da waken suya da auduga su fita, taki ya shigo. Jirgin kaya yana sa leburori su dawo bakin aiki, yana hana ɓarayin ƙarfe sakewa, yana kuma gwada hanyar ba tare da an jefa rayukan ɗaruruwan mutane cikin haɗari ba. Idan ya yi damina da rani yana tafiya lami lafiya, sai a maƙala taragon fasinja.

Daga Funtuwa zuwa Gusau da Ƙaura kuwa, aikin yanzu shi ne hana layin ɓacewa. Gwamnatin Zamfara da ta Katsina za su iya auna filin dogon su kafa alamun iyaka, su hana ba da takardar fili a kansa, su gyara rufin tashoshin Tsafe da Gusau da Ƙaura su ba wata ma'aikata ta zauna a ciki don kada su zama kango. A cikin garuruwa da kewayensu, inda ake iya zuwa, a ɗauki masu gadi daga unguwannin da layin ya ratsa, a sa hakimai da dagatai cikin lamarin, a kuma bi kasuwannin gwangwan a gaya wa dillalai cewa duk wanda aka samu da ƙarfen dogo a shagonsa zai amsa tambaya a kotu. Wannan ba ya buƙatar bashin ƙasar waje, kuma ɗan majalisar jiha ɗaya daga Gusau ko Ƙaura zai iya gabatar da ƙudurinsa a zaman majalisa mai zuwa.